Digital Wellbeing na Android: yana ƙirga mintunanka, amma bai san me ka karanta ba

Jama'a wannan abin da ake ce wa Digital Wellbeing, wanda yake zaune a cikin setin ɗin kusan duk wata wayar Android ta yanzu, mutane da yawa kullum suna wuce shi ba su taɓa latsawa sun ga me ke ciki ba, shi nake so in yi magana a kai. Na jima ina amfani da shi, kuma tun daga farko bari in faɗi matsayata don kar wani ya sha karatu a banza: abu ne mai amfani, ba sai ka sauke komai ba tunda da shi wayar take zuwa, amma ɓangaren da aka fi tallata shi da shi wato saka wa manhaja iyakar lokaci shi ne mafi rauni a cikinsa, abubuwan da suke aiki da gaske kuma suna can gefe ba a cika maganarsu ba.

Google ne suka fito da shi, sun sanar da shi a taronsu na watan Mayun 2018 tare da Android 9, su ma Apple a shekarar suka kawo nasu mai suna Screen Time a cikin iOS 12. Ba haka kawai suka tashi da safe tausayinmu ya kama su ba fa, lokacin surutu ya yi yawa a kansu, har da mutanen cikin gida irin su Tristan Harris wanda tsohon ma'aikacin Google ne, ya fito yana ta bayani a duniya cewa da gangan ake tsara manhajojin nan don su riƙe mutum. To ka ga dole su nuna sun yi wani abu. In kana neman sa ka shiga setin ka gangara ƙasa, yawanci za ka gan shi haɗe da ɓangaren kulawar iyaye, sai dai kowane kamfani da yadda ya jera nasa, na Samsung daban na Xiaomi daban na Pixel daban, don haka in na faɗi wani abu ba ka gan shi daidai wurin ba ka rubuta sunan a wajen bincike na cikin setin.

Abu na farko da za ka ci karo da shi shi ne lissafi. Zai nuna maka awa nawa ka yi a kan sikirin yau, wace manhaja ce ta ci kaso mafi tsoka, notifikeshin nawa suka shigo, da kuma sau nawa ka buɗe wayar. Yawancin mutane awannin suke kallo su kama baki, ni kuma a ganina awannin su ne suka fi komai yaudara a wajen, don shi abin bai san bambancin wanda ya yi awa biyu yana kallon darasin lissafi a YouTube da wanda ya yi awa biyu yana jan gajerun bidiyoyin da ko ɗaya ba zai iya tunawa ba, duka biyun zai rubuta musu awa biyu YouTube ya wuce. Wanda sana'arsa a waya take, yana amsa kwastomomi ta WhatsApp daga safe har dare, in ya kalli wannan lambar sai ya ɗauka shi ne sarkin ɓata lokaci alhali aiki yake. Lambar da ya kamata ka tsaya a kai ita ce ta sau nawa ka buɗe waya da ta notifikeshin, don su ne suke gaya maka sau nawa aka katse maka tunani. Akwai wata farfesa a Jami'ar Kalifoniya da ke Irvine, Gloria Mark, ta shafe shekaru tana auna tsawon lokacin da mutum yake yi a kan abu ɗaya a sikirin kafin ya tsallaka wani, a 2004 ta samu kusan minti biyu da rabi, a 2012 ya sauko daƙiƙa 75, a 'yan shekarun nan kuma wajen daƙiƙa 47. Daƙiƙa 47 fa! Ko sakin layi ɗaya mai ɗan nauyi ba ka gama fahimta ba ka tafi. Wannan tsalle-tsallen shi ne ciwon, kuma ba a jimillar awanni ake ganin sa ba.

Sai App timers, wato iyakar lokaci. Ka zaɓi manhaja ka ce minti 30 a rana, in ya kusa cika zai maka gargaɗi, in ya cika ya rufe ta, alamarta ta dusashe ta koma toka-toka, sai ƙarfe 12 na dare lissafin ya koma sabo. A takarda abin ya yi kyau. Matsalar ita ce wanda ya saka iyakar shi ne dai yake da ikon cire ta, kuma cirewar ba ta da wata wahala, latsawa kaɗan ce ka shiga ka ƙara minti ko ka goge gaba ɗaya, to mutumin da ya saka iyakar da safe yana cikin hayyacinsa ba shi ne mutumin da yake kwance da daddare bidiyo ya tsaya masa a tsakiya ba, na daren nan ba ya jin magana wlh. Na Apple ma a wannan wajen har ya fi sauƙin tsallakewa in ba ka saka lambar sirri ba, don da kansa zai miƙo maka zaɓi, a ƙara maka minti ɗaya, ko a tuna maka bayan minti 15, ko a yi watsi da iyakar na yau gaba ɗaya. Sai dai su suna da lambar sirri ta musamman ta Screen Time wadda za ka iya ba wani amintacce ya saka ya riƙe, wannan kam dabara ce mai kyau. Sannan kar ka manta ko an rufe maka manhajar Facebook ko X kana iya zagayawa ta burauza ka shiga, shi ya sa in za ka yi ka kunna ɓangaren da yake nuna shafukan da kake ziyarta a Chrome ka saka musu nasu iyakar, in ba haka ba aikin banza ka yi.

Kuma shi kansa batun 12 na dare ɗin nan abin dariya ne, daidai lokacin da ya kamata a ce an fi tsananta wa mutum shi ne lokacin da ake ba shi sabon kaso.

Ba laifin raunin zuciyarka ba ne kaɗai, gara ka san da wa kake kokawa. Wannan jan sikirin da ba ya ƙarewa, kana ja abu na ƙara fitowa babu shafi na biyu babu ƙarshe, wani injiniya ne Aza Raskin ya ƙirƙiro shi a 2006, kuma daga baya ya fito fili ya nuna nadamarsa. Da can in ka kai ƙasan shafi dole ka tsaya ka yanke shawara ko za ka ci gaba, wannan 'yar tsayawar ita aka cire. Sai kuma jan sikirin ƙasa don sabon abu ya shigo, wani lokaci ka samu abin da ya burge ka wani lokaci babu komai, to rashin tabbas ɗin shi ne ƙugiyar, tun zamanin masanin halayyar nan na Amurka B. F. Skinner da gwaje-gwajensa a kan tantabaru da ɓeraye masana halayya suka san cewa ladan da ba a san yaushe zai zo ba ya fi sa a nace fiye da wanda yake zuwa kullum a kan lokaci. Shugaban Netflix na lokacin, Reed Hastings, a 2017 da bakinsa ya ce da barci suke gasa. To duk wannan injiniyoyi ne da kuɗi da gwaji a kan miliyoyin mutane, kai kuma an ba ka agogo mai maɓallin kashewa an ce ka kare kanka.

Yanzu bari in zo inda abin ya burge ni, Focus mode. Shi wannan ya zo daga baya, wajen ƙarshen 2019. Ka zaɓi manhajojin da ka san su ne masu ɗauke maka hankali, in ka kunna shi duk za su daskare lokaci guda, ba za su buɗu kai tsaye ba kuma notifikeshin ɗinsu ba zai fito ba sai ka kashe, kana iya tsara masa lokaci ma ya dinga kunna kansa misali daga safe zuwa rana a ranakun aiki, in wata buƙata ta taso akwai hutu na minti 5 ko 15 ko 30 bayan nan ya koma da kansa. Za ka ce ai shi ma ana iya kashe shi, gaskiya ne, amma bambancin yana wajen lokacin da yake tare ka. Iyakar lokaci tana zuwa ne bayan ka riga ka nutse kana tsakiyar jin daɗi, shi kuwa Focus mode tun a bakin shiga yake tsayar da kai, lokacin da hannunka ya tafi wajen manhajar da kansa ba tare da ka ma yi niyya ba, sai saƙo ya fito cewa an dakatar da ita, a nan ne za ka farga ka tambayi kanka to me ma na zo yi? Yawancin buɗe wayar da muke yi irin wannan ne, babu dalili, hannu ne kawai ya saba. Akwai ma wata manhaja daban mai suna one sec da aka gina ta kacokan a kan wannan tunanin, tana sa ka jira 'yan daƙiƙu ka ja numfashi kafin ta bar ka ka shiga, kuma binciken da aka wallafa a kanta a mujallar kimiyya ta PNAS a 2023 ya nuna buɗe manhajojin da aka saka wa wannan jinkiri ya ragu da kashi 57 cikin ɗari bayan sati shida. Jinkiri ɗan kaɗan a farko ya fi katanga a ƙarshe aiki.

Notifikeshin kuwa, in abu ɗaya kawai za ka yi daga duk wannan rubutun to wannan ka yi. Daga cikin Digital Wellbeing akwai hanyar shiga wajen sarrafa su, kuma tun Android 8 an raba notifikeshin ɗin kowace manhaja gida-gida, ma'ana ba dole sai ka kashe duka ba, kana iya barin saƙon da mutum ya turo maka kai tsaye ka kashe na "wane ya yi sabon fostin" da "wane ya fara laif" da tallace-tallacen manhajojin sayayya. Daga Android 13 ma dole sabuwar manhaja ta nemi izini kafin ta fara turo maka, kawai dai mun saba danna amincewa ba tare da karantawa ba. Ƙa'idar da nake bi mai sauƙi ce, in mutum ne yake nema na a bar shi ya shigo, in inji ne yake so in dawo a rufe bakinsa. Guruf-guruf kuma a sa su a shiru, za ka karanta in ka ga dama. Masu tsoron kar wani abin gaggawa ya faru a neme su a rasa, Do Not Disturb, wato setin da yake sa wayar ta yi shiru, yana da wajen da za ka zaɓi mutanen da kiransu zai shigo ko da yaushe, har da zaɓin cewa duk wanda ya sake kira cikin minti 15 a bar kiran ya wuce, to ka ga wannan uzurin ya faɗi.

Bedtime mode shi ma ba laifi. Yana mayar da sikirin baƙi da fari in lokacin kwanciya ya yi, ya yi shiru da sauti, kana iya sa shi ya kunna a kan lokaci ko kuma in ka saka caji da daddare. Kar ka raina wannan cire kalar, jan ɗigon nan na notifikeshin da hotunan bidiyo masu ƙyalli duk sai su zama lami, Instagram a baƙi da fari ba shi da wani armashi sam. Illa dai ido yana sabawa, kuma ga mai karanta rubutu ko mai bin rigimar kwament kalar ba ta dame shi ba dama. Akwai kuma wani Heads Up da yake tuna maka ka ɗaga kai in kana tafiya kana kallon waya, wannan kam ban ga wanda zai canza wa rayuwa ba, notifikeshin ne aka ƙara maka don a ce maka ka rage kallon notifikeshin.

Abin da ya kamata kowa ya riƙe a ransa shi ne kamfanin da ya yi wannan abin shi ne dai mai YouTube, kuma mafi yawan kuɗin shigarsa daga talla yake, talla kuwa sai da idonka a kan sikirin. An ba kura ajiyar nama kenan. Ba ina cewa abin ƙarya ba ne, yana yin abin da aka ce yana yi, amma kar ka yi tsammanin za su ƙera abin da zai hana ka shiga da gaske, kuma ka lura babu ɗaya daga cikin abubuwan nan da yake zuwa a kunne, kai za ka nemo su ka kunna, alhali bidiyo na gaba yana tashi da kansa tun ranar da ka sayi wayar sai in kai ka kashe. Shi ya sa nake ba da shawarar a haɗa da gyara a cikin manhajojin kansu. A YouTube ka kashe wannan tashi da kai ɗin, in kuma kana so ka ga abin mamaki ka kashe tarihin kallo ka goge na baya, tun 2023 in ka yi haka shafin farko yana zama wayam babu jerin shawarwari, sai abin da ka rubuta ka nema. TikTok ma a 2023 sun saka iyakar minti 60 kai tsaye ga 'yan ƙasa da shekara 18, babba kuma shi zai shiga ya saka wa kansa.

To sai babban giɓin, wanda shi ne dalilin da ya sa ba zan ba shi fiye da tauraro uku cikin biyar ba. Digital Wellbeing ya san minti nawa ka yi, bai san me ka karanta ba, bai san ko gaskiya ne ko ƙarya ba. Mutum zai iya rage zamansa a waya zuwa minti 20 a rana, lissafinsa ya yi kyau tas, amma a cikin minti 20 ɗin ya karanta labarin bogi uku ya yarda da su ya tura wa guruf biyar. Wannan bai samu lafiyar komai ba. Masu bincike a jami'ar MIT da ke Amurka sun wallafa wani aiki a mujallar Science a 2018, sun bi diddigin labarai kusan 126,000 da suka yaɗu a Twitter (X a yanzu) daga 2006 zuwa 2017, suka gano labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun a sake yaɗa shi da kusan kashi 70 cikin ɗari, kuma na gaskiya yana ɗaukar kusan ninki shida na lokaci kafin ya kai ga mutum 1,500. Abin da ya fi ba ni haushi a sakamakon, ba bot-bot, wato asusun da inji ke sarrafawa, ne suka jawo bambancin ba, mutane ne, mu ɗin nan, don ƙarya tana zuwa da sabon abu mai tayar da hankali ko ban mamaki, gaskiya kuma sau da yawa ba ta da wannan zafin. Yanzu ga AI ya shigo ya ƙara dagula lissafi, a watan Maris na 2023 hoton Fafaroma Francis sanye da wata farar rigar sanyi mai kumburi ya zagaye duniya alhali da manhajar AI mai ƙirƙirar hoto ta Midjourney aka haɗa shi, a watan Mayun shekarar kuma hoton bogi na fashewa a kusa da Pentagon, hedikwatar ma'aikatar tsaron Amurka, ya sa kasuwar hannun jarin Amurka ta ɗan yi ƙasa na wasu mintuna kafin a ƙaryata. In masu hada-hadar biliyoyi za su ruɗe, ina ga wanda ya farka cikin dare ya ga abu a guruf ɗin dangi?

Abin haushin shi ne kayan aikin tantancewar suna nan a wayar, kuma na kamfani ɗaya ne, kawai ba a haɗa su waje ɗaya ba. Google Lens zai karɓi hoto ya nemo maka inda ya taɓa fitowa, sau da yawa sai ka ga hoton da ake cewa na jiya ne ashe ya shekara biyar kuma a wata ƙasa daban aka ɗauka, akwai kuma About this image da suka ƙaro a 2023 wanda yake nuna tun yaushe injin bincikensu ya fara ganin hoton. Shafin TinEye ma, wanda na wani kamfani ne daban, yana irin wannan aikin tun 2008. A WhatsApp in ka ga kibiya biyu a saman saƙo ma'anarsa an yi ta fowadin ɗinsa hannu zuwa hannu, wanda ya turo maka ba shi ya rubuta ba kuma mai yiwuwa bai san wanda ya rubuta ba, tun 2020 irin wannan saƙon waje ɗaya kawai ake barin ka tura shi a lokaci guda, kuma sun yi hakan ne saboda yadda jita-jita ta yi yawa lokacin korona. Ni dai duk labarin da na ji ya sa zuciyata ta tafasa nan take, ko ya zo daidai da abin da dama nake so ya zama gaskiya, ko aka rubuta a ƙasansa a yaɗa kafin a goge, shi nake fi tsayawa a kai, in buɗe wani shafin in rubuta kanun in ga su wa suka ɗauka, in babu wata kafa mai suna da ta kawo shi bayan awanni to a bar shi inda aka gan shi. Kuma a dinga duba kwanan wata don Allah, tsohon labari na gaskiya in aka dawo da shi a matsayin na yau shi ma ƙarya ne.

Da Google za su ji ta tawa, abin da ya sa Focus mode yake aiki shi za su ɗauka su kai wajen turawa, wato ɗan jinkiri kafin hannu ya riga tunani. An ma taɓa gwadawa, a 2020 Twitter sun saka wata 'yar tambaya da take fitowa in za ka sake yaɗa labarin da ba ka buɗe ba, tana ce maka ko za ka fara karantawa, kuma sun ce mutane sun ƙara buɗe labaran da kashi 40 cikin ɗari bayan ganin ta. Irin wannan nake so a ce yana cikin wayar kanta, ya shafi duk wata manhaja da ake sheyarin a cikinta, mutum ya kunna shi daga waje ɗaya kamar yadda yake kunna Bedtime mode.